Tashi, Malalaci!

Jama'a, wani ɓangare na labarin nan ya kuɓuce mini. Shekarar ta tafi, sunan ofishin ma haka. Ga dai abin da ya rage.

Akwai wani mai rubuta manhajar waya da ake kira Gwani. Ina zargin shi ya raɗa wa kansa. Ko gaisawa kuke yi, allon kwamfutarsa yake kallo.

Surukinsa, uban matarsa, yana da kantin magani. Bai taɓa ɗaukar aikin Gwani a bakin komai ba, sai ranar da ya ce ya yi masa manhaja mai tuna wa marasa lafiya lokacin shan magani. Gwani ya ga damar wanke kansa.

Ya yi shafin tuni, wato mai tunatarwa. Da an buɗe shi, wani agogo ke tashi a ɓoye, jim kaɗan wayar ta yi magana. Kafin a samu muryar kirki, ya naɗi tasa don wasa: "Tashi, malalaci!"

Abokiyar aikinsa, wadda tebur ɗinta ke kusa da taga, ko kusa da ƙofa ne, na manta, ta duba rubutunsa. Ta ce ya kunna agogo amma bai rubuta abin da zai kashe shi idan an fita daga shafin ba. Shafin zai tafi, agogon na nan yana ƙirga, don haka ya share bayansa.

Ya taɓe baki. "Malama, shara aikin masu shara ne. Ni gini nake yi."

Ta ce to, Allah Ya ba da sa'a.

Ya kai wa surukin manhajar a falonsa, ga baƙi zaune. Ya buɗe shafin tuni, ya yi maza ya rufe kafin muryar ta fito. Aka ce a sake gani, ya buɗe ya rufe. Wani baƙo ma ya nema. Kowace buɗewa, sabon agogo.

Sannan ya miƙa wayar da hannu biyu. Tsohon yana kishingiɗe, ya kawo ta kusa da fuska.

"Tashi, malalaci!"

Kafin muryar ta rufe baki wata ta hau kanta, sai wata, dukansu muryar Gwani. Gwani ya karɓe wayar yana danne-danne, babu shafin da zai rufe, don tuni ya rufe.

Tsohon ya tashi zaune a hankali, ya ce, "To, na tashi. Kai ma tashi."

Aikin ya koma hannun wani. Yadda suka ƙare da matarsa ban riƙe ba. Amma daga baya na je kantin sayen maganin gwiwa, tsohon ya nuna mini wayarsa da kansa. Lambar Gwani, Malalaci ya sa mata.

Darasi: Duk abin da ka kunna, kai za ka kashe shi kafin ka bar wurin. Ɓacewa daga ido ba mutuwa ba ce, kuma wanda ya raina shara a gaban mutane zai taka ta. Ku tura wa masu raina gyara.