Kalma Ɗaya Ta Kashe Bijimin Huɗa

Akwai wani saurayi ana ce masa Faruk, ɗan Malam Ɗanƙarami, manomi a Tirmini. Ya yi karatun Ingilishi a Damagaram har ya samu takarda. Tun daga lokacin bai ƙara cewa "ban sani ba" a gaban kowa ba.

Mahaifinsa yana da bijimai biyu na huɗa, ja da baƙi. Shekara shida suna jan garma ƙarƙashin karkiya guda, da su gidan yake cin gero, da su yake cin gyaɗa.

Ana saura wata guda damina ta faɗi, bijiman suka fara ramewa. Tsohon ya hau kabu-kabu zuwa unguwar Zango a Damagaram, ya sayo maganin tsutsar ciki irin wanda ake kawowa daga Kano. Rubutun kwalbar duk Ingilishi ne. Ya miƙa wa ɗansa yana murmushi.

"Karanta mana, yau ranarka ce."

Faruk ya duba sau ɗaya. Idonsa ya faɗa kan kalmar "biweekly".

"Wannan ai a fili take, Baba. 'Bi' biyu ke nan. Sau biyu a mako za a ɗura musu."

Kawunsa Suma'ila yana zaune a gefe yana tufka igiya. Bai taɓa shiga lakkwal, wato makarantar boko, ba, amma ya tsufa cikin shanu.

"Ɗana, ban taɓa ganin maganin tsutsa da ake ba sa sau biyu a mako ba. Ko a kai wa likitan dabbobi ya duba?"

Faruk ya yi dariya. "Kawu, kai da ko sunanka ba ka iya rubutawa, kai za ka gyara mini Ingilishi?"

Suma'ila ya naɗe igiyarsa ya fita. Malam Ɗanƙarami ya sunkuyar da kai, amma ya bi maganar ɗansa. Wa zai yi musu da mai takarda?

Litinin da Alhamis ake ɗura musu. A mako na biyu jan bijimin ya daina cin harawa, yana dalalar da miyau, ƙafafunsa na rawa. Faruk ya ga haka. Ya yi niyyar sake duba kwalbar, sai ya tuna dariyar da ya yi wa kawunsa. Ya ce wa mahaifinsa, "Maganin ne yake aiki."

A mako na uku, da hantsi, jan bijimin ya faɗi ya mutu kafin a kawo wuƙa. Ko naman ba a ci ba. Baƙin ya rayu, amma da ƙyar yake tashi.

Sai a ranar Faruk ya kai kwalbar wurin likitan dabbobi a birni. Likitan ya juya ta a hannunsa.

"Kalmar nan baki biyu gare ta. Tana nufin sau biyu a mako, tana kuma nufin sau ɗaya a mako biyu. Masu harshen ma tana rikita su. Shi ya sa aka rubuta a ƙasa: bayan kwana goma sha huɗu. Ba ka karanta nan ba?"

Bai karanta ba.

Ruwa ya sauka. Maƙwabta suka fita da shanunsu. Sa ɗaya ba ya jan karkiyar biyu, balle mara lafiya. Malam Ɗanƙarami, mai shekara sittin da bakwai, ya koma fartanya. Kawu Suma'ila ya zo taya shi. Rabin gonar ciyawa ta cinye.

Wata safiya Faruk ya bi su gona, ya ɗauki fartanya ya sunkuya. Mahaifinsa ya zo ya zare ta daga hannunsa a hankali.

"Ajiye. Kada hannunka ya yi kanta. Gonar fadama na sayar na biya karatunka, don kada ka riƙe wannan."

Tsohon ya juya ya ci gaba da noma, bayansa a tanƙware.

Darasi: Ilimin da ya hana ka tambaya ya fi jahilci ɓarna. Kada ka raina wanda ya san aiki don bai san boko ba, kuma in ka ga alamar ka yi kuskure, ka faɗa tun da sauran gyara. Ku tura wa 'yan uwa, wataƙila wani ya tsaya ya karanta har ƙasa.