Hatimin da Kahramon Ya Yanke

Akwai wani mutum a unguwarmu nan Samarkand, sunansa Kahramon Ismatov, mai shagon kujeru da gadaje. Gidansa ya fi na kowa tsayin ƙofa a layinmu. Idan ka gaishe shi, sai ya gama kallon takalminka sannan ya amsa.

Su uku ne a gidan: shi, da matarsa Muhayyo, da mahaifiyarsa Hojar-buvi, tsohuwa mai shekara tamanin da ɗaya. 'Ya'yansu sun yi aure sun watse.

Muhayyo ce ta dage aka yi wa kayan gidan inshora, tun daga injin ɗumama gida mai aiki da gas har firji da injin wanki. Idan wani abu ya lalace, kamfani ne zai turo mai gyara, ya kuma biya. Kahramon yana biya duk shekara yana mita.

A watan Janairu, ranar wata Juma'a, dusar ƙanƙara ta kwana biyu tana zuba, sai injin ɗumin ya fara mutuwa da kansa. Muhayyo ta kira kamfanin. Suka turo Usta Tolib, wani dattijo siriri wanda ya shekara talatin yana aikin gas.

Injin yana wani ɗan ɗaki ne, bango ɗaya da ɗakin Hojar-buvi. Usta ya buɗe shi, ya hau tsani ya leƙa bututun hayaƙi, ya sauko yana goge hannu.

Ya ce wa Kahramon, "Aka," wato yaya da yarenmu, "bututun ya tsage a cikin bango. Hayaƙin ba waje yake fita ba, gida yake dawowa. Shi ya sa injin yake kashe kansa. Kuma irin wannan hayaƙin ba ya wari, ba a ganinsa. Zan rufe gas ɗin in sa hatimi. Ranar Talata sabon bututu zai iso, kamfani zai biya komai, ko som ɗaya ba za ka kashe ba."

Kahramon ya ce, "Talata? Jibi Lahadi majalisa a gidana take."

Su goma sha biyu ne abokai, duk wata suna haɗuwa cin abinci a gidan ɗaya daga cikinsu, kuma wannan karon layi ya zo kansa.

Usta ya ce, "A ɗaga ta mana, ko a kai gidan abinci. Kamfani yana bayar da aron hita ta lantarki, in kawo muku uku yau ɗin nan."

"Ni zan zaunar da manyan mutane gaban hita kamar 'yan haya? Kai, ka san su waye za su zo kuwa? Ɗaure min shi da wani abu ya kai Talata."

"Ba zan iya ba, aka. Rai ne."

"Rai! Ji shi, sai ka ce likita. Kuɗina kuke ci shekara shida, yau na buƙace ku kun turo min tsoho mai tsoron wuta."

Usta Tolib ya juya ga injin. Ya rufe gas, ya ɗaura waya, ya matse hatimin dalma. Ya rubuta takarda ya miƙa a sa hannu. Kahramon ya zuba hannuwansa a aljihu ya ce ba zai sa ba, hitar ma ba ya so, akwai guda a ɗakin tsohuwa ta isa.

A bakin ƙofa Usta ya ce wa Muhayyo a hankali, "Opa," wato babbar yaya, "don Allah kada kowa ya taɓa shi."

Ta ce, "In sha Allahu."

Ranar Lahadi da safe Kahramon ya shiga ɗakin baƙi, ya ga numfashinsa yana fita kamar hayaƙi. Ya ɗauko filaya, ya kira matarsa.

"Zo riƙe min tocila."

Ta ce, "Dadasi," wato baban yara, "mutumin nan fa ya ce..."

"Mutumin nan ne mijinki? Awa biyar kawai, baƙi su tafi in kashe. Riƙe."

Ta riƙe. Ya yanke wayar, ya jefa hatimin a aljihu. Akwai wata 'yar na'ura da take kashe injin idan hayaƙi ya dawo, ya zare wayarta. Injin ya kama, bai sake mutuwa ba.

Da azahar gida ya yi ɗumi. Baƙi suka cika ɗakin baƙi da ke can ɗaya gefen tsakar gida. Aka kawo gurasa da koren shayi, sannan osh, dafa-dukanmu, shinkafar tana ƙyalli, naman rago a sama. Masu shan taba suka ɗan buɗe taga.

Wani ya ce, "Kahramon-aka, gidanka kamar watan Mayu! Mu a gida da hula muke kwana."

Kahramon ya yi dariya. "Shekaranjiya wani tsoho ya so ya mayar min da shi firji. Na ce masa je ka koya wa jikokinka tsoro."

Muhayyo kuwa tun tana zuba abinci kanta yake sarawa. Ta ɗauka gajiya ce. Ta kai wa surukarta shayi, ta tarar tana gyangyaɗi, ta ce bari ta ɗan kishingiɗa kusa da ita na minti goma. Ta ja ƙofa saboda hayaniyar maza.

Usta Tolib ba ya aiki ranar Lahadi. Amma tun Juma'a zuciyarsa ba ta kwanta ba. Bayan la'asar ya ɗauki hitar gidansa guda, ya hau bas, da niyyar ya bai wa Muhayyo ko da maigidan zai sake zaginsa.

Yana shiga tsakar gida ya ji ƙarar injin.

Ya yar da hitar. Ya ruga ya rufe gas, ya banke ƙofar ɗakin tsohuwa, ya fasa gilashin taga da gwiwar hannu, yana ihu, "Ku fito! Ku kira motar asibiti!"

Ya jawo Muhayyo zuwa kan ƙanƙara, ya koma ya sungumo Hojar-buvi. Baƙi suka fito da maiƙo a hannu, suka tsaya cirko-cirko. Muhayyo tana numfashi sama-sama. Hojar-buvi ta riga ta cika.

Washegari aka binne ta. Kwana uku Kahramon yana tsaye a ƙofar gida yana karɓar gaisuwa, mu ma mun je. Ya rame, idonsa ya faɗa. Har tausayinsa muka ji.

Abin da ba mu sani ba shi ne abin da ya faɗa wa jami'in bincike tun daren farko. Ya ce Usta Tolib ne ya gyara injin ranar Juma'a, ya kunna da hannunsa, ya ce komai lafiya. Ya ce bai taɓa ganin wani hatimi ba.

Usta ya nuna takardarsa. Jami'in ya juya ta ya ce, "Ina sa hannun maigida? Wannan ko jiya kana iya rubuta ta. Kuma me ya kawo ka gidan ranar Lahadi in ba ka san ka yi ɓarna ba?"

Aka tsare shi. Kamfani ya dakatar da shi. Abokan majalisa goma sha ɗaya, waɗanda suka ji Kahramon yana alfahari da bakinsa, kowa ya ce shi bai ji komai ba, ana ta surutu.

Matar Usta ta zo ƙofar Kahramon tana kuka. Ta ce, "Aka, yana da hawan jini. Shi ya ceto matarka. Ka ji tsoron Allah." Ya sa aka rufe ƙofa.

A rana ta shida Muhayyo ta farfaɗo a asibiti. Harshenta ya yi nauyi, hannunta na dama yana rawa. Abin da ta fara tambaya shi ne surukarta. Kahramon ya gaya mata. Ta daɗe tana kallon rufin ɗakin, hawaye na gangara cikin kunnenta.

Ya matso ya rage murya. "Gobe mai bincike zai zo. Likita ya ce masu irin ciwonki suna mantuwa. Ki ce ba ki tuna komai ba, shi ke nan."

"Ina Usta?"

"Yana hannu. Tsoho ne, ba za su ba shi da yawa ba. Zan kula da iyalinsa, na rantse. Muhayyo, shekara talatin da huɗu muna tare. Ki rufa min asiri."

Ta juyo ta dube shi. Kalmomin suna fita ɗaya bayan ɗaya, da ƙyar.

"Dadasi, ni na riƙe maka tocila. Wannan ba zan manta ba har in mutu."

Da jami'in ya zo, ta faɗi komai, har da nata laifin. Kahramon yana zaune a baranda yana jiyo muryarta ta ƙofa.

Aka saki Usta Tolib bayan kwana tara. Kamfani ya ce ya dawo aiki, ya ce a'a. Ya ce min idan ya ɗauki sufana yanzu, nauyin tsohuwar yake ji a hannunsa.

Kotu ta ɗaure Kahramon shekara huɗu. Ranar hukunci babu ko ɗaya daga abokan majalisa a zauren. Muhayyo tana gidan 'yarta a Tashkent, har yau da hannun hagu take shan shayi. Na ji an ce duk wata tana aika masa kayan sanyi da gurasa a gidan yari, amma ba ta taɓa sa wasiƙa a ciki ba.

Darasi: Idan wanda ya san aiki ya ce maka kada ka taɓa, to kada ka taɓa, ko da kana ganin ka fi shi kuɗi da matsayi. Inshora tana mayar da injin da ya lalace, amma ba ta mayar da uwa. Kuma wanda ya yi kuskure ya ɗora wa marar laifi, ya mayar da musiba ɗaya biyu. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, musamman masu kayan gas a gida, wataƙila saƙonku ya tsayar da hannun wani.