Injin Niƙan Gwauruwa

Kaziya ƙawata, kin ce in rubuto miki abin da za ki karanta wa 'yan ajinki ran Lahadi. To, ga shi.

Akwai wata mace mai son addu'a, gidanta yana jikin rumfar wata tsohuwa gwauruwa mai injin niƙa. Da sassafe injin yake tashi, da ƙara kamar za ta tsaga bango. Matar nan kuwa ba ta taɓa bin layi ba. Ta kan katanga take miƙa kwanon dawarta, kafin ruwan tuwo ya tafasa an miƙo mata gari. Amma kullum maganarta ɗaya ce: "Iya, abin nan naki ya hana ni addu'ar safe. Ina buɗe Littafi sai ya fara."

Tsohuwar takan yi dariya ta ce, "'Yata, tun da maigidana ya rasu shi ne mijina. Surutu gare shi, amma yana ciyar da ni. Ke naki ba ya minshari?"

Matar ba ta ga abin dariya ba. Ta kai ƙara wurin mai unguwa, ta sake kaiwa, har aka mai da injin ƙetaren rafi. Masu kawo niƙa ba su bi shi can ba. Kafin damina ta faɗi tsohuwar ta sayar da shi, ta koma ƙauyen 'yan'uwanta.

Ba a daɗe ba aka ɗauki mijin matar aikin haƙa rijiyoyi a wata ƙasa mai nisa, inda ba a jin Hausa, ya tafi da iyalinsa. Garin da suka sauka shiru ne, irin shirun da ta daɗe tana roƙo. Babu famfo, babu wuta, injin niƙa kuwa sai an yi tafiyar yini guda. Aka nuna mata dutsen niƙa a bayan ɗaki.

Ta durƙusa. Kullum tun gari bai gama wayewa ba tana kan dutsen nan, sai rana ta ɗaga take samun garin da zai ishi yara huɗu. Tafin hannunta ya fashe, gwiwoyinta suka yi kanta. Matan garin suka ga yadda take riƙe ɗan dutsen, suka yi ta dariya, sa'an nan ɗayarsu ta durƙusa ta gyara mata riƙon. Littafin yana can cikin akwati, sai a yi mako ba ta buɗe shi ba.

Wata safiya tana niƙa sai ta ji kunnenta yana neman ƙarar nan. Ta kifa kai a kan dutse ta yi kuka. Ta samo takarda ta rubuta, "Iya, na gode. Ki gafarta mini." Ta ba wani falke mai komawa gida.

Bayan wata huɗu falken ya dawo, ya miƙa mata takardarta a liƙe yadda ta ba shi. Ya ce, "Uwargida, sai haƙuri. An binne ta tun da kaka."

Mijinta ya ce, "Ki daina kuka, ai Allah ya ji."

Ta ce, "Allah ya ji, amma Iya ba ta ji ba."

Ma'anar wannan misali ita ce: injin nan shi ne ƙananan alheran da Ubangiji yake ajiye mana a bakin ƙofa, famfo, da mai kanti, da maƙwabciyar da za ta riƙe miki jariri ki je kasuwa. Da yake kullum suna nan, damuwarsu kaɗai muke gani. Ƙasar nan mai nisa ita ce ranar da za a ɗauke su. Kuma kowane alheri ta hannun wani mutum yake zuwa, mutum kuwa ba ya dawwama. Ubangiji mai jinƙai ne, yana karɓar godiyar da ta makara. Kabari ba ya karɓa. Matar nan ta san an gafarta mata a sama, amma har yau in ta tuƙa tuwo sai ta tuna da Iya. Ki ce wa yaran su yi godiya yau, da bakinsu, tun mai ji yana da rai.

Abu ɗaya nake roƙonki, Kaziya. Kada ki gaya wa kowa daga hannun wa wannan ya fito. 'Yar da tsohuwar nan ta haifa tana cikin mawaƙan cocinku, ban kuwa sami ƙarfin duban idonta ba tukuna.