Ƙullin Wuƙar Ranau

A zamanin da mahara ke kwasar mutane daga gona su kai kasuwa, an yi wani maharbi a dajin Rugu mai suna Ranau. Yana yaro aka kama mahaifinsa a gabansa. Ta baya aka rungume tsohon yana sunkuye bakin rafi, ya juya don ya ga ko wane ne, kafin ya gama juyawa igiya ta shiga wuyansa. Daga ranar Ranau ya riƙe darasi guda: wanda aka kama ta baya, kada ya waiwaya, ya soka.

Ya ɗaura wuƙa a damtsen hagu, ya horar da hannunsa har ya zama yana riga tunaninsa isa. An ce ko inuwa ce ta faɗo masa ta baya, sai ta koma da rauni. Maroƙa na yi masa kirari: "Kunama mai harbi da baya! Ranau, ƙeyarka ma ido ce!" Masu gudun hari suka taru suka kafa bukkoki kewaye da tasa, ya koya wa samarinsu abin da ya iya.

Mutum ɗaya ne ba ya shakkarsa, wato Cindo, ɗan kawunsa. Taubasai ne, kuma a al'ada taubashi na iya kiran ɗan'uwansa bawa, ba mai jin haushi.

"Kai bawana," in ji Cindo, "duk wannan jarumtaka, tuwon gidanmu ne ya yi ta."

"Wane tuwo?" in ji Ranau. "Wanda ko kare sai an roƙe shi?"

Wata shekara Cindo ya tafi fatauci ya daɗe, har aka fara cewa an kama shi. Ranau ya bi sawu har ya gaji, ya dawo ya rage magana.

Ran nan da hantsi yana durƙushe bakin tafki yana wanke fatar barewa, sai hannuwa biyu suka rungume shi ta baya. Wata murya, wadda ƙurar hanya ta dusashe, ta ce, "Na kama bawa!"

Hannun Ranau ya yi abin da aka koya masa.

Da ya waiwaya, dariya ba ta gama barin fuskar Cindo ba. Ranau ya tallabe shi, ya danne raunin da tafinsa, jini na bi ta tsakanin yatsu.

"Me ya hana ka sallama?" Abin da ya iya faɗa ke nan.

Cindo ya ce, "Ina ka taɓa jin ubangida ya yi wa bawa sallama?" Ya numfasa da ƙyar. "Da ka duba, ɗan gwaggo. Dubawa kawai."

Ranau bai yi kuka a gaban jama'a ba. Ya binne Cindo nan bakin tafkin, ya je ya durƙusa gaban kawunsa, ya miƙa masa wuƙar. Tsohon ya juya ta, ya ɗauko tsirkiya ya ƙulle ta cikin kube, ya mayar masa.

"In na kashe ka, 'ya'yana biyu na rasa," in ji shi. "Riƙe. Kafin ka kwance wannan, ka ga fuska."

Ranau ya sake koyar da samari tun daga farko: in an rungume ka ta baya, ka sunkuya, ka kayar da mutum gabanka, ka dube shi. Sabuwar hanyar ba ta kai tsohuwar sauri ba, kuma ya san haka. Bayan shekaru, a wani hari, ƙullin ya jinkirta shi, mashi ya riga shi. An same shi yatsunsa na kan tsirkiyar, idonsa na kan wanda ya kashe shi.

Garin da ya tashi a wurin shi ake kira Waiwaye. Tafkin bai taɓa ƙafewa ba, kuma an ce namun daji ba sa faɗa a bakinsa. Har yau maharban garin da ƙulli suke ɗaura wuƙa. Taubasai na tsokanar juna kamar ko'ina, suna kiran juna bayi, amma ba mai zuwa wa ɗan'uwansa ta baya sai ya yi gyaran murya.