Tayin da Cleon Ya Ƙi Karɓa

Akwai wani mutum a kasuwarmu ta gwanjo da ke bayan garin Shreveport, sunansa Cleon Rutledge. Tsofaffin tayoyi yake sayarwa. Ni da nake riƙe da rumfa tun rasuwar maigidana, ba a taɓa yi mini wayo a ciniki ba, amma ko ni ina sara wa Cleon. Ba ya karɓar tayin farko. Juya baya yake yi ya kama hanya, sai an kira shi.

Ashe a cikin tayoyin nan yake ɗauko tabar wiwi daga Texas, shi da abokinsa Dewey, suna rarraba wa masu sayarwa. Rannan aka tare motarsu, aka kama su da lodi guda.

Da aka ba shi beli, gida ya nufa da sauri, don mahaifiyarsa Mama Odessa ba ta gani, ga ciwon suga. Shi ke dafa mata, shi ke yi mata allura. Ba ta da kowa sai shi.

Lauyar da kotu ta ba shi, Ybarra, ta zaunar da shi. Ta ce hukuncin wiwi da nauyin abin da aka kama yake tafiya, kuma lauyan gwamnati ya yi tayi: in ya amsa laifin wannan lodi ɗaya, ya faɗi gaskiya, 'yan watanni zai yi ya dawo wurin tsohuwarsa.

Cleon ya yi dariya.

"Ƙanwata, wannan ai tayin farko ne. Ki ce masa ban sallama ba. Ko kwana ɗaya ba zan yi ba."

"Mista Rutledge, nan ba rumfar taya ba ce. Tayin nan lalacewa yake yi, ba gyaruwa ba."

Ya ɗauki hularsa ya fita.

Mama Odessa ta roƙe shi ya karɓa. Ya ce ta bari kawai, ya san irin lauyoyin gwamnatin nan, da kansu za su neme shi.

Daga nan zama ya gagare shi. Ya shiga ɗaki, ya fito baranda, ya koma. Yana yi mata allura, ido na kan waya. A kasuwa sai ya bar mai saye a tsaye ya zagaya bayan rumfa ya duba ko an kira. Shiru.

Shi kuwa Dewey, wanda Cleon yake yi wa kallon sakarai, tuni ya karɓi nasa tayin. Ya lissafa wa lauyan gwamnati duk zuwan da suka taɓa yi Texas shi da Cleon. Aka haɗa nauyin wiwin gaba ɗaya, ya haura kilo ɗari.

Cleon ya isa ofishin lauya yana haki, ya ce ya sallama, a kawo ya sa hannu. Ta ce an janye tayin.

"To ki ce su ƙara wata shida a kai. Ko shekara ma."

Ta girgiza kai.

Ranar hukunci alƙali ya ce ya ji labarin mahaifiyar, kuma ya tausaya, amma a wannan nauyi doka ta ce kada a yi ƙasa da shekara biyar, shi ma ba shi da ikon ragewa.

Aka kai Mama Odessa gidan kula da tsofaffi. Da ya samu ya kira ta daga kurkuku, ta tambaye shi yaushe zai dawo.

"Ba da daɗewa ba, Mama."

"Ɗan nan, ni ma za ka ja da ni? Faɗa mini."

Ya faɗa mata shekara biyar ne.

"To," ta ce. "Zan gwada in kai lokacin da raina."

Darasi: Duk iyawarka, a inda ka saba take aiki. In wanda ya san wurin ya ce maka karɓi, ka sauke girman kai ka saurara, don ba kai kaɗai za ka sha wahalar taurin kanka ba. Harkar wiwi kuwa, ku nisance ta tun farko. Ku tura wa 'yan uwa, wataƙila wani yana gab da juya baya.