Gyangyaɗin Sarki da Gonar Tabawa

An ce wani sarki aka yi a zamanin da, mai adalci da tausayin talakawa, sai dai Allah ya jarrabe shi da ciwon baya tun wata faɗuwa da ya yi daga kan doki yana saurayi. Ba irin maganin da ba a gwada ba. Wanzamai sun yi ƙaho, an sha saiwoyi da sassaƙe har harshe ya gaji da ɗaci, amma in ciwon ya lafa yau, gobe sai ya dawo kamar an aiko shi.

Ana nan sai fatake suka kawo wani magani daga gabas. Sarki ya kurɓa, ciwo ya ɗauke cak. Kai, ranar an yi murna a fada! Ashe maganin yana tafe da barci. To, a al'adar garin sarki ba ya yawan magana wurin shari'a. In ya gyaɗa wa mutum kai, shi ke nan hukunci ya yanku, mutumin ya yi nasara.

Rannan wata mata mai suna Tabawa, wadda mijinta ya rasu, ta kawo ƙarar maƙwabcinta, ya cinye mata gonar da take ciyar da marayunta. Ta yi bayaninta sarki na lumshe da ido. Maƙwabci na cikin rantse-rantsensa sai gyangyaɗi ya ja kan sarki ƙasa. Ka san halin fadawa, ba su jira komai ba suka ɗauka: "Sarki ya gamsu!" Tabawa ta fita tana kuka, ga damina ta kawo kai.

Waziri ya ga abin da ya faru, amma wa zai ce wa sarki barci yake? Sai ya tafi ya ɗauko Malam Jatau, wani dattijo mai hikima wanda shi ma ya tsufa da ciwon ƙugu, kullum kuwa cikin fara'a yake.

Malam ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Ya sarki, mutum ne yake da maƙwabci mai hayaniya, ya ƙi tashi. Sai mutumin ya toshe kunnuwansa da auduga. Ya huta?"

Sarki ya ce, "Ya huta mana."

"In wuta ta kama gidansa, 'ya'yansa suna ihu fa?"

"Wannan ya halaka, ya halaka iyalinsa."

Malam ya ce, "Allah ya ja zamaninka, me Tabawa ta faɗa maka?"

Sarki ya ce, "Wace ce Tabawa?"

Waziri ya sunkuyar da kai ya kwashe labari duka ya faɗa. Kunya ta kama sarki har gumi ya karyo masa. Ya ce, "Malam, raba ni da ciwon nan, in bar maganin yau."

Malam Jatau ya yi dariya ya dafa ƙugunsa. "Ya sarki, da ina da wannan ai da kaina zan fara. Ba zan yi maka ƙarya ba, maƙwabcin nan naka mai hayaniya, wato ciwon, mai yiwuwa ba zai tashi ba. Amma ana rage masa murya. Zaman nan da kake yi tun hantsi har la'asar kamar an dasa ka, shi ke ciyar da shi. Ka riƙa takawa da sanyin safiya, ko daga nan zuwa ƙofar gari. A gasa maka bayan da ruwan ɗumi, a yi maka tausa da man kaɗanya. In ya motsa, kada ka zauna kana sauraronsa kai kaɗai, nemi abokin hira. Maganin kuwa kada ka yar da shi farat ɗaya. Mai maganinka ya riƙa rage maka kaɗan-kaɗan, saura a ajiye don ranar tsanani, ranar kuma ba shari'a. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka."

Sarki ya ce, "Zan ji ciwo ke nan."

"Za ka ji, ranka ya daɗe. Za ka kuma ji mutane."

Haka aka yi. Da farko sarki ya sha wuya, har ya yi wa Malam Jatau Allah-ya-isa a zuci. Sannu a hankali ciwon ya yi sauƙi, bai tafi ba, amma ya daina mulkin mai mulki. Shari'ar Tabawa kuwa tun washegari aka sake ta. Sarki ya taka da ƙafarsa har gonar, yana tafe yana hutawa, ya ga iyakar da idonsa, ya mayar mata da abinta kafin ruwan shuka ya sauka.

Tabawa ta durƙusa ta ce, "Allah ya ba ka lafiya, ya sarki."

Sarki ya dafa bayansa ya yi murmushi, ya ce, "Amin, baiwar Allah. Gara sarki ya ji ciwon bayansa da ya kasa jin kukan talakansa."