Kujerar da Aka Auna da Buhun Siminti

Akwai wani mai walda da ake ce wa Injiniya. Ba makaranta ce ta ba shi sunan ba. Shi ya raɗa wa kansa, ya kuma rubuta da jan fenti a ƙofar shagonsa don kada wani ya manta.

Hannunsa na da kyau, wannan ko maƙiyinsa ya shaida. Bakin ne matsalar. In ka kawo aiki ka ce ga yadda kake so, sai ya ɗaga gilashin walda ya dube ka sama da ƙasa, ya ce, "Kai ne mai walda ko ni?"

Da wannan tambayar ya kori abokan aikinsa ɗaya bayan ɗaya. Matarsa ma ta gaji da jin ta, ta kwashe yara ta tafi shekara shida da suka wuce. Ya rage daga shi sai kofi ɗaya, cokali ɗaya, da rediyo mai kama tasha ɗaya, ita ma sai an mare ta.

Mutum ɗaya ce a duniya take cewa ya yi shiru ya yi, wato yayarsa. Ita ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, kuma har yau da furfurarsa Auta take kiransa. Mace ce ƙatuwa, masha Allah. In ta zauna a bakin benci, wanda ke ɗaya bakin sai ya nemi abin riƙewa.

Ciwon suga ya sa aka yanke mata ƙafa. Ta koma gidan ɗanta, direban babbar mota da ba ya zama, aka ba ta ɗakin baya mai taga ɗaya da ke kallon katanga. Matar ɗan ce ke kula da ita.

Injiniya ya je gaishe ta bayan an sallamo ta daga asibiti. Ya zauna yana kallon silin, yana kallon ƙofa, yana kallon ko'ina ban da inda zane ya kwanta babu komai a ƙarƙashinsa.

Ta ce, "Auta, ka ji an gama madatsar ruwan nan? Damina na sauka, ƙauyenmu ya tafi ƙarƙashin ruwa. Ina so in ga ɗakin da Inna ta haife mu, ko sau ɗaya ne."

Maganar ba ƙarama ba ce. An riga an tashi mutanen ƙauyen, an cire gadar da ke kai wa can. Abin da ya rage wata tsohuwar hanya ce ta bayan duwatsu, wadda mota ba ta bi. Babur na bi, amma mai ƙafa ɗaya ba ta zama a bayan babur.

Ya ce, "Bar min wannan, Yaya."

"Me za ka yi?"

"Ke dai ki zuba ido."

Yana da wani ƙaton babur, irin na masu yawon duniya, da ya sayo a lalace ya tayar da shi. Ya yanke shawarar zai haɗa masa kujera a gefen dama, mai tayarta guda, wadda za ta hau dutse ta ratsa yashi.

Ya ja ƙofar shago, ya bar 'yar kafa don iska. Ya lanƙwasa bututun ƙarfe ya yi gindin kujerar. Ya ɗaga ta sama sosai don kada dutse ya daki cikinta. Ya sa tayoyi masu haƙora, ya shimfiɗa farantin ƙarfe a ƙarƙashin inji, ya mai da salansar hayaƙi sama saboda rafi. Ya ƙara wa tayar baya babban farantin sarƙa don babur ya samu ƙarfin ja a hawa.

To ga inda aikin yake da sirri. Babur mai kujerar gefe ba ya kwanciya a kwana kamar sauran babura. Ana saita shi ne da nauyin wanda zai zauna. Sai a ɗan karkatar da babur ɗin nesa da kujerar, yadda in mutum ya zauna nauyinsa zai jawo shi ya miƙe daidai. Sifirin da ke shanye gargadar hanya ma da nauyin mutumin ake zaɓarsa.

Injiniya ya san wannan sarai. Sai ya rufe ido ya tuno Yaya a kan benci, ya ce buhu biyu da rabi. Ya sayo siminti ya jera a kujerar, ya nemo sifirin wata tsohuwar mota ya sa. Don abin ya yi kyau har tsohon ɗankwali ya ɗaura wa buhun sama.

Maƙwabcin shagonsa mai faci ne, wani siriri mai son zolaya. Ya leƙo ta kafar ƙofa wata rana ya ce, "Injiniya, an yi amarya ba a gaya mana ba? Ga ta kuwa shiru-shiru, irin wadda za ta iya zama da kai."

"Tafi ka hura tayarka."

"Zan tafi. Amma tela ma sai ya ga mutum yake yanka yadi. Ka je ka ɗauko mai kujerar ta zauna mana."

"Kai ne mai walda ko ni?"

Mai faci ya ja kansa ya koma wajen bahonsa na ruwa.

Wata bakwai ana wannan aiki. Da rana in ya zauna cin abinci, sai ya jawo kujera kusa da buhunan ya yi ta ba su labari. "Yaya, yau na gyara birki. Za ki sha mamaki." Buhu ba ya musu, ba ya tsokana, ba ya kuma da ƙafar da aka yanke. Hira da shi ta fi sauƙi.

Matar ɗan ta kira shi ya fi sau goma. "Kawu, Mama na tambayarka."

"Ki ce mata aikinta nake yi."

"Ta ce ko minti biyar ne."

"Minti biyar ɗin nan na ɗaure noti huɗu."

Tsakanin shagon da gidan, tafiyar minti goma sha biyar ce a ƙafa.

Ranar da ya gama, hadari ya fara haɗuwa a gabas amma ruwa bai sauka ba tukuna. Ya sauke buhunan, ya goge kujerar, ya shimfiɗa katifa, ya tuƙa a hankali har ƙofar gidan. Ya shiga yana kaɗa makulli a yatsa.

Ɗakin da duhu-duhu. Ya ga wata 'yar tsohuwa a kan gado, ya kusa tambayarta ina Yaya.

Ta ce, "Wa nake gani kamar Auta? Ashe kana gari."

Ya yi dariyar da ba ta fito ba, ya ce ta zo ta ga abin da ya yi mata. Da yake ya ɗaga kujerar sama kuma bai yi mata ƙofa ba, dole sai an ɗauke ta an saka. Ya gyara tsayuwa, ya buɗe ƙafa, ya tattaro ƙarfin da yake ɗaukar buhu biyu da rabi, ya sunkuce ta.

Saura kaɗan ya faɗi ta baya. Ko buhu ɗaya ba ta kai ba. Yana jin ƙasusuwan bayanta a tafin hannunsa.

Ta ga fuskarsa, ta ce, "Mene ne? Ka ɗauka ajiye ni ka yi a firji?"

A nan ya kamata ya tsaya. Ya san saitin nan ba nata ba ne. Amma maƙwabta sun fito suna kallo, har da mai faci da ya biyo shi don ganin ƙwaƙwaf. Da ya fito da ita ya saka ta a kujerar, mai faci ya matso ya rage murya, ya ce, "Injiniya, dubi babur ɗinka. Ta zauna bai ko motsa ba, har yanzu a karkace yake."

"Na gani. Zagaye ɗaya ne kawai."

Layin ba kwalta. Sifirin da aka yi wa buhu biyu da rabi bai san an zauna ba, kowane rami sai ya wurga ta sama. Ta riƙe ƙarfe da hannu biyu. Da suka zo kwanar dama, tayar kujerar ta tashi sama kamar kare zai yi fitsari. Babur ya ƙi juyawa, ya miƙe ya daki katangar wani gida.

Shi ya kuje gwiwa. Ita haƙarƙari biyu suka tsage. Likita ya ce wata guda ba hawa komai.

A daren farko na jinyar, ruwa ya sauka.

Kwana uku bai iya shiga ɗakin ba. Yana zuwa ya tsaya a tsakar gida ya juya. A na huɗu ta ɗaga murya ta taga. "Auta, ina jin takalminka. Shigo, ba na cizo. Haƙoran ma sun ƙare."

Ya shiga ya durƙusa. "Yaya, na cuce ki."

"Ka cuce ni tun kafin katanga. Wata bakwai ina ƙirga bulon nan, ɗari da goma sha huɗu ne, in kana so ka duba." Ta numfasa da ƙyar. "Ka jawo tarkacenka nan tsakar gida. In za ka yi min abu, ka yi shi inda zan gani."

Haka aka yi. Mai faci ya taya shi turo babur. Aka fito da ita inuwa, tana kwance tana ba da oda. Ya cire sifirin mota ya sa mai laushi. Ya yanka ƙofa a gefe. Ta ce ƙarfen riƙewa ya yi mata nisa, ya matso da shi. Ta ce tana son wurin jingina kai, ya buɗe baki zai yi tambayarsa ta kullum, ta zuba masa ido, ya rufe.

Da ta warke, aka zaunar da ita a ciki, ya ja zare ya sake saitin da ita kanta. Mai faci ya kawo shawarar a ɗaure jarkar ruwa biyu a ƙarƙashin kujera don tayar ta zauna a ƙasa. Injiniya ya ce, "Haka ne." Mai faci ya dafe ƙirji ya ce a ba shi wuri ya zauna, bai taɓa jin wannan kalmar daga bakin nan ba.

Suka kama hanya da sassafe. Babur ya hau duwatsu, ya ratsa rafi biyu, ya fita daga taɓo sau uku, kujerar ko gezau. Wajen azahar suka hau tudun ƙarshe, wanda daga kansa ake hango ƙauyen.

Ya kashe inji.

Ruwa ne shimfiɗe har inda ido ya tsaya. Babu rufi ko ɗaya. Sai kawunan itatuwa nan da can, da tsuntsaye a kansu.

Can Yaya ta ɗaga hannu ta nuna. "Ka ga itacen can mai reshe biyu? Daga shi ka ƙirga taku ashirin zuwa hagu. Nan ne ɗakin. A bakin ƙofarsa ka faɗa cikin turmi, kanka ya maƙale, sai da aka shafa maka mai."

Ya kifa kai a kan tankin babur, ya fashe da kuka. "Da na zo na gan ki tun watan farko, da mun iske shi a tsaye."

"Da mun iske shi." Ba ta sassauta masa ba. Ta bar shi ya yi kukansa har ya gama, tana kallon ruwan.

Sannan ta gyara zama, ta kama ƙarfen riƙewa. "Share hancinka ka tayar da abin nan. Ka bi da ni ta doguwar hanya, ba na sauri. Kuma ka zo da wuri gobe, ban gama ganin duniya ba."

Darasi: Kada ka shagala da yi wa mutum hidima har ka manta da mutumin. Wanda kake ɗauke da shi a ka ba shi ne wanda ke kwance a ɗaki ba, je ka gan shi, ka tambaye shi, tun lokaci bai rufe abin da kuke nema ba. In akwai wanda ka daɗe kana cewa "aikinsa nake yi" ba ka leƙa shi ba, ajiye wayar nan ka tafi. Amma kafin ka ajiye, tura wa wani Injiniyan da ka sani, kowane dangi na da nasu.